Rabon Zauren Mainasara

Abuja,
12 ga Maris, 2001

Zuwa ga Yayata Hadijatu,
Unguwar Magina, Kafin Audi, ƙasar Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da barka da Sallah, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen unguwa. Mu ma nan lafiya lau, sai yawan aiki, don kin san ofis ba ya motsi in ba na nan.

Dalilin rubuto wannan takarda shi ne in sanar da ke wani babban al'amari. Na samu labari daga majiya mai tushe cewa bayan kaka wani kwamiti na masana kayan tarihi zai zaga ƙasar Daura yana duba tsofaffin gine-gine. Na bi ta nan na bi ta can, har Allah Ya sa aka sanya zauren gidanmu cikin wuraren da za su ziyarta, wato wanda kakanmu Mainasara Sarkin Magina ya gina da hannunsa.

To amma Yaya, a gaskiya ba zan iya tsayawa gaban manyan mutane in nuna musu bangon laka in ce gidanmu ne ba. Bara da na zo, jingina kawai na yi, farar babbar rigata ta koma ja. Saboda haka na yanke shawarar a shafe zauren da siminti, a yi masa fenti, a kafa allo bisa ƙofa da sunan Kaka da manyan baƙaƙe. Tarihi ma yana son tsafta.

Ina sauraron amincewarki ta hannun Audi direba. Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Alhaji Sama'ila Badaru

*

Kafin Audi,
25 ga Maris

Ila,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, muna nan lafiya, sai zafi da ya fara. Akuyar nan mai fari a goshi ta haifi biyu, in hakan zai samu shiga cikin manyan al'amuranka.

Takardarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in yi dariya. Ashe zauren da aka raɗa maka suna a cikinsa shi ne yau abin kunya, don ya taɓa maka riga? Wa ya aike ka jingina? Mu da muka san shi ba ma raɓarsa da fararen kaya.

Tunda ka manta, bari in tuna maka. Kowace shekara kafin damina ake yi wa zauren nan yaɓe. A jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba, a kwaɓa ta da jar ƙasa, a kira gayya unguwa ta fito, ni in dama fura in turara dambu. Tsoho Hamma magini ya bi zanen Kaka da yatsa yana sabunta shi, yadda Baba yake yi kafin ya rasu. Zanen nan da ya kewaye ƙofa babu irinsa daga nan har Zango. Baba yakan ce bangon ƙasa numfashi yake yi, in ka rufe shi da siminti gumi zai yi daga ciki har ya ruɓe.

Ko Okafor mai kayan babur, da shagonsa ke jikin bangon gabas, bai taɓa fashin gayyar nan ba tun ran da Baba ya ba shi haya. Shi yana naɗe wando ya shiga kwaɓa ƙasa, kai kuwa kana aiko da gaisuwa. Bana ma shi kaɗai yake zaune, don tun tashin hankalin shari'a na bara matarsa Mgbeke ta tsorata, ta ɗauki 'yarsu Chimdindu suka koma Nnewi. Na yi lallashi har na gaji. Matar da kullum da la'asar tare muke ɓarar gyaɗa muna gulmar mutanen gari, yau ni kaɗai nake zama, kuma ina kewarta ƙwarai.

Maganar siminti a bar ta. In masanan nan siminti suke marmarin gani, ai ba su rasa shi a Abuja ba.

Ka gaida iyali. Ni ce yayarka,
Hadijatu

*

Abuja,
9 ga Afrilu

Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na lura da salon takardarki, amma na kau da kai saboda girmanki.

Tunda Allah Ya kawo mu zamanin da shari'a ta dawo jiharmu, bai dace a ce gidan Malam Badaru ne yake zaune ba a raba gado ba. Mu biyu ne magada, kuma kin san namiji yana da rabon mata biyu. Gonaki da ɗakunan cikin gida na bar miki duka, ba na ja. Zaure kaɗai nake so a raba: kashi biyu cikin uku nawa, kashi ɗaya naki. Ki yi yaɓenki a naki, in yi simintina a nawa, kowa ya huta. Ranar da masana suka zo, su da kansu za su ga wanda ya san darajar tarihi.

Na rubuta wa liman Malam Ikrima ya zo ya raba. Leburori kuma za su taho daga Katsina da zarar an gama.

Wassalam. Ƙanenki,
Alhaji Sama'ila

*

Kafin Audi,
6 ga Mayu

Mai kashi biyu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan rabo ya yi albarka.

Malam Ikrima ya zo. Ya ce lissafinka daidai ne, amma tun da yake bai taɓa ganin an raba zaure ɗaya ba. Ya ce ko ɗaya ya bar wa ɗaya, ko mu ci gaba da tarayya, don shari'a ta faɗi rabonmu ne, ba ta ce mu datsa gini ba. Na ce, “Allah Ya gafarta Malam, mai kashi biyu ya ce a datsa.” Ya dube ni, ya dubi takardarka, ya yi istigfari, ya ce a kawo igiyar guga. Ya auna gaban zauren, ya ninka igiyar uku, unguwa ta cika ana kallo kamar an zo da kura.

Rabonka ya taso daga bangon gabas, ya haɗiye ƙofa, ya ɗan wuce ta. Nawa ɗan gefen yamma ne. Ke nan yanzu in zan shiga gidan ubana ta rabonka nake bi. Ina yin sallama kullum, ko da ba ka nan.

Leburorinka sun zo. Suka ce siminti ba ya kama bango mai tudu da kwari, suka sa gatari suka sassaƙe zanen Kaka. Ila, ina tsaye aka yi. Hamma ya juya baya ya tafi gida, ranar ko abinci bai ci ba. Ni ban yi kuka a gabansu ba, sai da na shiga ɗaki.

Yanzu dai rabonka ya sha fenti shuɗi, ga allo a sama. Ya yi kyau irin na asibiti. Shekaranjiya wata Bafulatana ta shigo da ɗanta a goye tana tambayar ina mai allura. Nawa kuma mun yi masa yaɓe, gayya mafi gajarta da aka taɓa yi a unguwar nan, kafin fura ta damu an gama.

Saura magana ɗaya. Ka san rufin zauren indararo biyu gare shi da ke zubar da ruwan sama, ɗaya gabas ɗaya yamma. Leburorinka sun cire naka sun toshe ramin, wai zai ɓata fenti, wai ruwan duka ya bi ta nawa. To ban yarda ba. Wanda ya ci kashi biyu na rufi ya ci kashi biyu na ruwa. Na ce Hamma ya hau ya ja mini ɗan tudun ƙasa a kan rufin, daidai inda igiya ta bi. Ya ce a sana'arsu ba a tare wa ruwa hanya. Na ce ba tare shi zan yi ba, raba shi zan yi. Sai da na ce in bai hau ba ni zan gyara ɗaurin zane in hau, sannan ya hau yana ƙunƙuni.

Ruwanka yana wurinka. Ka san yadda za ka yi da shi.

Mai kashi ɗaya,
Hadijatu

*

Kafin Audi,
22 ga Yuli

Ranka ya daɗe Alhaji Sama'ila,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ne Okafor na jikin zaure. Ban saba rubuta maka ba, amma abin da idona ya gani ba na shiru ba ne.

Ruwa ya sauka sosai bana, manoma suna murna. Jiya na jingina tsani na hau rufin zaure. Gefen Yaya Hadijatu a bushe yake, indararonta yana aiki. Gefenka kuwa ruwa ya kwanta ba shi da wurin fita, har kwaɗo na tarar a ciki, ban san yadda ya hau ba. Daga cikin shagona bango yana gumi. In na ƙwanƙwasa simintin sai ya amsa kamar ganga, alamar ya rabu da ƙasar da ke bayansa. Azarar da ta riƙe rufin ma ta fara lanƙwasa.

Na roƙi Yaya ta fasa tudunta, ta ce sai ka buɗe indararonka tukuna. Na ce to bari in buɗe shi da kaina, ta ce ba rabonta ba ne, ba ta da ikon ba ni izini. Na je wurin liman, ya ce shi ya faɗi tasa tun ranar igiya. Shi ya sa na rubuto. Kalma ɗaya nake nema, ka ce in buɗe. Guduma tana hannuna.

Alhaji, ba don shagona kaɗai nake magana ba. Ranar da na sauka garin nan da akwati ɗaya, ban san kowa ba, a zauren nan Baba Badaru ya shimfiɗa mini tabarma. Ba na so in ga ya faɗi ina kallo.

Allah Ya ja kwana. Naka,
Okafor

*

Abuja,
30 ga Yuli

Malam Okafor,

Na ga takardarka, na gode. Shugaban leburorin ya tabbatar mini siminti ba ya jin ruwa. Wadda ta gina tudu ita za ta fasa. Ina kuma so ka fahimta, wannan maganar gado ce tsakanin 'yan gida, ɗan haya ba ya sa baki a ciki. Kada ka taɓa mini fenti.

Ka huta lafiya.
Alhaji Sama'ila Badaru

*

Kafin Audi,
19 ga Agusta

Ila,

Salamu alaikum. Ka taho gida, zaure ya faɗi.

Ranar Juma'a ce, ruwa ya kece ana tsakiyar huɗuba. Allah Ya taimaka maza duk suna masallaci, Okafor kuma ya rufe shago kamar yadda yake yi kowace Juma'a, ya shigo ciki yana cin tuwo. Muka ji ƙara kamar an kayar da itacen kuka. Ko da muka fito, simintinka ya ɓare ya kwanta, bango ya biyo shi, rufi ya rufta kan shagon Okafor. Allon sunan Kaka a kwata muka tsince shi. Babu wanda ya ji ciwo, sai kazar maƙwabta da har yanzu ba a gan ta ba.

Rabona yana tsaye, amma ya tsage daga sama har ƙasa. Ashe azara ɗaya ce ta riƙe mu duka, igiyar liman ba ta raba ta ba. Ba zan ɗora maka kai kaɗai ba. Kai ka toshe, ni na tare, ruwa ya rasa inda zai bi, ya bi ta cikin ginin Kaka.

Okafor ya tone kayansa daga cikin laka, ya wanke na wankewa, ya loda a mota. Na ce ina zuwa? Sai ya ciro takardarka ya miƙo mini. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, “Yaya, ɗan haya in shago ya faɗi ai sai ya kama hanya.” Jiya ya tafi Nnewi.

Mutumin da ya wanke wa Baba ƙafa yana jinya kana kwas a Legas, shi ka rubuta wa haka? Wallahi faɗuwar bangon ba ta yi mini ciwon maganar nan ba. Yanzu gidanmu ba shi da ƙofa, tabarma na rataya. Ka zo ka ga rabonka, yana nan a tare wuri ɗaya, ba wanda ya taɓa maka.

Yayarka,
Hadijatu

*

Kafin Audi,
14 ga Oktoba

Zuwa ga ɗan'uwana Okafor, Nnewi.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mgbeke da Chimdindu. Na rubuta wannan takarda na yaga har na rasa adadi, don a ofis an koya mini rubuta umarni, ba a koya mini irin wannan ba.

Na ɗauki hutu na dawo gida. Abin mamaki, an ce ofis yana tafiya. Da ruwa ya ɗauke Hamma ya tayar da bango da tubali, aka sa sabuwar azara. Ni ne mai kwaɓa ƙasa. Ƙafafuna sun yi kaushi, Yaya tana ba ni man kaɗanya tana dariya.

Matsalarmu ita ce zanen Kaka. Hamma ya ce shi duk shekarun nan tudun zanen yake bi da yatsa, bai taɓa ja da baya ya kalle shi gaba ɗaya ba, yanzu da bango ya zama sumul hannunsa ya rasa ta inda zai fara. Yaya ta ce dagin da ke cikin zanen yana dama da ƙofa, ni na ce hagu. Liman ya ce shi kullum kansa a ƙasa yake wucewa. Mai shayi ya rantse akwai takobi, wanzami ya ce keke ne. Abin da muka tashi muna gani kowace safiya, ashe babu wanda ya kalle shi.

Sai Yaya ta tuna da hoton nan da ke rataye a shagonka, wanda aka ɗauka a ƙofar zaure. A duk garin nan shi kaɗai ne hoton ginin. Ina roƙonka ka ara mana shi.

Sannan kalmar da na rubuta maka, na janye ta, kuma ina jin kunyarta. Ka fi ni taka ƙasar zauren nan, ka fi ni zama da Baba. Ka yafe mini don Allah. Za mu sake gina shagonka tare da zauren.

Naka,
Sama'ila

*

Nnewi,
27 ga Oktoba

Alhaji,

Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta same mu lafiya. Na karanta wa Mgbeke, ta ce in maimaita wurin kaushin ƙafa.

Ga hoton nan cikin kwali, direban motar Kano zai ba Audi. Ranar sunan Chimdindu aka ɗauke shi. Baba Badaru ne a tsakiya yana riƙe da ita, shi ya sa mata Fadila a ranar. Don Allah kada laka ta taɓa shi, ba mu da wani.

Sai dai abu ɗaya. Mai hoton ya ga Mgbeke ta cika gajarta, ya sa ta hau dakalin ƙofa. Ranar kuma ta ɗaura gwaggwaron da babu irinsa a duk tsohuwar jihar Kaduna. Don haka gwaggwaron ya rufe wani yanki na zanen a gefen ƙofa. Na yi ta leƙa hoton ta gefe, ba a ganin bayansa.

Maganar takardarka ta wuce, na yafe. Dawowa kuwa ban sani ba. Nan garinmu ne, amma yara suna ce mini Malam, ni ma in na tashi ciniki Hausa ke fitowa. Mgbeke ta ce tsoro ne ya fito da ita, in ya lafa tana iya komawa, amma garin da mutum zai yi furfura a ce masa ɗan haya, ba ta ga abin komawa ba.

A gaida Yaya da Hamma da liman.
Okafor

*

Kafin Audi,
11 ga Nuwamba

Okafor da ƙawata Mgbeke,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya. Ina 'yata Fadila? A ce mata har yanzu ba wanda ya iya yi mini tsifa kamarta.

An gama zaure. Gayyar da aka yi ba a taɓa irinta ba, har daga ƙauyuka aka zo, rabi don taimako rabi don su ga Alhajin Abuja cikin laka. Igiyar nan ta rabo da ita aka riƙa jan bokitin ƙasa zuwa rufi. Ni da Ila mun je gaban Malam Ikrima mun mayar da zauren tarayya, ya ce alhamdu lillahi, ya roƙe mu kada mu ƙara kiransa. Indararo biyu aka sa. Ila ya so a sa huɗu, Hamma ya ce ya sauka daga tsani.

Hoto ya yi aiki. Ila ya riƙe shi cikin leda kamar jariri, Hamma ya ari tabarau na liman yana kallo yana zanawa. Dagin yana dama, yadda na faɗa. Babu takobi babu keke. Da zanen ya fara fitowa, hannun tsohon nan ya tuna sauran da kansa, yana aiki hawaye na zuba. Ni ma da na ga Baba a hoton sai na shige cikin gida.

Da aka zo wurin gwaggwaro sai aiki ya tsaya. Ila ya ce a ƙirƙiro wani abu a cike. Hamma ya ce ba zai yi wa Sarkin Magina ƙarya a bangonsa ba, abin da ya gani shi zai zana, abin da bai gani ba zai bar shi. Haka ya bi gefen gwaggwaron nan sannu a hankali, ya shafe tsakiyar sumul. Mgbeke, ya fito sak, har da kunnen nan da ya miƙe sama ta hagu.

Ranar Laraba masana suka zo da motoci biyu. Shugabansu ya daɗe a tsaye gaban filin, yana shafa gemu. Ya ce wannan hikimar magabata ce, sukan bar fili a zane don ido ya huta, ya taɓa karanta irinsa. Mutanensa suka hau rubutu. Na ga Ila ya gyara babbar riga ya buɗe baki, na ce shi ke nan, zai ƙara musu gishiri. Sai na ji ya ce, “Ranka ya daɗe, gwaggwaron matar ɗan'uwanmu ne.” Ya ciro hoton ya nuna musu, ya ba su labari tun daga igiya har kwaɗo, bai rage nasa ba, nawa ma bai rage ba. Suka yi dariya har shugaban ya zauna a dakali. Sun ce za su sa zauren cikin littafinsu.

Shago yana nan an gina, an sa ƙyaure, makulli yana ɗaure a bakin zanena. Mutum uku sun nema na ce yana da masu shi.

Mgbeke, yanzu da ke nake. Ban iya lallashi ba, kin sani. Amma kowace safiya in na fito sai in ga wurin kanki a bangon gidanmu, ke ba kya nan. Yara ma in za su yi kwatance cewa suke, a haɗu a wurin Mgbeke. Ba ma cike shi, kuma ba mai cike shi. Ginin Kaka bai cika ba sai kin tsaya a gabansa.

Ga hotonku na mayar, ko ɗigon laka babu. Ku huta lafiya.

Taku,
Hadijatu

*

Nnewi,
2 ga Disamba

Yaya Hadijatu,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Na karanta wa Mgbeke takardarki. Sai ta shiga ɗaki ta zazzage akwati, ta fito da gwaggwaron nan. Asu ya ɗan taɓa shi, amma kunnen yana nan.

Muna tafe bayan Kirsimeti, mu uku. Ta ce ki ajiye mata gyaɗa, a nemo mai hoto, Alhaji kuma ya zo da ƙafafunsa a gani. Ta ce kuma a tabbatar dakalin yana nan, don ba ta ƙara tsawo ba.

Sai mun zo. Ɗan'uwanku,
Okafor